Gwangwanin da Ban Faɗi Mai Shi Ba

Matso nan kusa, bawan Allah, ka zauna ta wannan gefen tabarmar don kada hayaƙi ya dame ka. Abin da zan faɗa ba na ɗaga murya ba ne. Wannan ƙamshin da kake ji sunansa yansun, kuma labarin a kansa yake, shi da wata yarinya da na baro a gida.

Ni ba mai son yawo ba ce. A ƙauyenmu, can ƙasar Ringim, ko gidan biki sai an ja ni. Malam, maigidana, shi ya ce Makka, na ce to. Yarinyar ba ta daɗe da yaye ba, aka ce hanya ba ta yara ba ce, a bar ta wurin Inna, mahaifiyata, damina biyu mun dawo. Za ka ji ina ta cewa yarinyar, yarinyar. Ita ce ta fari a wurina, ka kuwa san al'adarmu: uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ma ta san da zamansa. Ni har yabona ake yi a kan haka. Ana cewa, "Kulu ai Bafillatana ce wajen kunya." Ina jin daɗi, wawiya.

Damina biyun a Wadai kaɗai ta ƙare, muna noma geron wani. A Fashir na yi daka a gidajen mutane har tafin hannuna ya zama kamar ƙirgi. A Madani muka tsinci auduga. Duk inda muka sauka, da 'ya'yan mutane nake auna ta. In na ga yarinya tana koyon ɗaukar tulu sai in ce a raina, yanzu ta kai wannan. In na ga mai giɓin famfara, in ce haƙoranta sun fara zuba ke nan, wa ya jefa mata su bisa rufin ɗaki? Ban taɓa faɗa wa Malam ba. Shi ma bai taɓa tambaya ba.

Daga Kasala aka ce mana in muna son tsallaka teku ba tare da takarda ba, mu bi ta ƙasar da Taliyani ke mulki, mu sauka Musawwa. Garin nan, Allah Ya raba ka da zafinsa. Malam ya shiga dakon gishiri a bakin ruwa. Ni kuma wata Bahabashiya ta kai ni gidan wata Baturiyar Taliyani, wanki da shara. Sinyora ake ce mata. Gajeriya ce mai jiki, ga faɗa, ga saurin kuka. Ba ta jin Hausa, ba na jin nasu, sai guntun Larabcin kasuwa da nuni da hannu. Amma mun yi hira a madafin nan fiye da yadda na yi da wasu masu yarena.

Tana da ɗa guda, yana karatu can ƙasarsu. Hotonsa yana bisa kantar madafi. Da safe ta ɗauka ta sumbata, "Karlo, Karlo," da rana "Karlo," tana yanka albasa "Karlo." Ɗan fari fa! Ni kunya ta ishe ni, in sunkuyar da kai in ce waɗannan mutane ba su da ta ido. Wata rana ta nuna cikina, ta yi alamar goyo: ina da ɗa? Na ɗaga yatsa ɗaya. Ta ce, "Isim? Isim?" wato sunanta. Na rufe baki da gefen mayafi ina dariya. Ta sake tambaya, na juya baya na kama wanke tukunyar da na riga na wanke. Ta daɗe tana kallona. Ina jin ta ɗauka yarinyar mutuwa ta yi, don ta zo ta dafa kafaɗata.

Duk sa'ad da jirgin ruwa zai tashi zuwa ƙasarsu, sai ta yi wa ɗan nan wani abu da take kira biskoti. A nan na koya, da ido. Fulawa, sukari, ƙwai, ɗan man shanu, lauz, wani ɗan itace mai kama da gyaɗa, da ƙwayar yansun da take murzawa a tafin hannu don ƙamshin ya tashi. Tana ɗiga wani ruwa na kwalba, da na shinshina na ce a'uzubillahi, ta yi dariya har da hawaye, daga ranar ta riƙa ware mini nawa ba ruwan kwalba. A kwaɓa da tauri, a mulmula shi dogo biyu kamar ƙaramar taɓarya, a ɗan danne bayansa, a gasa. In ya fito ba a taɓa shi nan take. Da zafi ka yanka ya dagule, in ya huce sarai ya farfashe. Sai lokacin da za ka iya ɗora tafin hannu ka yi Fatiha ba ka janye ba. Sannan a yanka a karkace, kaurin ɗan yatsa, a jera a kwance, a mayar wuta marar ƙarfi, a juya ɗaya gefen, har ya bushe ƙayau.

Na tambaye ta da hannu, me ya sa sau biyu? Ta ɗauki na gashin farko ta nuna bakinta. Ta ɗauki na gashi biyu ta ƙwanƙwasa a tebur, ta nuna teku, ta yi ta kaɗa hannu, nesa, nesa. Na gane. Gashin farko na ci ne, na biyu na tafiya.

A tsaye nake da tsumma a hannu, sai na ajiye shi na zauna. Tun da na baro gida abin da ke cina ke nan: yarinyar nan ba ta san ɗanɗanon hannuna ba. Nono kawai ta sha. Ko kunu ban taɓa dama mata ta sha da wayonta ba. Tuwo ba ya tafiya, fura ba ta kwana uku. Ga shi yau na ga abin da uwa za ta yi da hannunta a wannan duniya, ɗa ya ci a wata duniyar.

Ranar da za mu tashi, Sinyora ta ba ni wuƙarta mai haƙora kamar zarto, da ƙullin yansun. Ga wuƙar can a soke a jikin kara. Ban san inda yaƙin da ya zo daga baya ya kai matar nan ba.

Mai kwalekwalen da ya tsallakar da mu ya sauke mu a wani bakin gaɓa, ba gida ba bishiya. Ya nuna wani tudu ya ce Jidda tana bayansa, kafin la'asar mun isa. Muka hau tudun, ba komai sai wani tudun. Kwana goma sha muna tafiya a rairayi, muna shan ruwan rijiyoyi masu ɗaci. Wasu Larabawan ƙauye suka kore mu da duwatsu, wata tsohuwarsu kuma ta biyo mu a guje da ƙwaryar nonon akuya. Malam ya shiga Makka da ƙafarsa, ya yi ɗawafi, ya yi aikin hajjinsa. Amma ruwan ɗacin nan bai bar cikinsa ba. Kafin watan Safar an kai shi makwanci. Mutane suka yi ta ce mini ya dace. Ya dace ɗin. Ni ce aka bari, mace, ba muharrami, ba takarda, ba guzuri.

Na sami bukka a Misfala, cikin 'yan'uwanmu da ake kira Takari, bukkar buhu da gwangwanaye. Maƙwabciyata Hajja Zahra'u, a nan aka haife ta, kakanta ne ya zo daga Sakkwato. Hausarta rabi Larabci, bakinta ba linzami, amma ba ta taɓa cin abinci ba ta miƙo mini ta kan danga ba. Ita ta samo mini wankin alhazai. Sai ga babban yaƙi, hanya ta rufe, alhazan ma suka ɗauke. Shekarun nan fulawa sai a mafarki. Na ɗaure ƙullin yansun a bakin zane, in ciki ya yi ƙugi in kwance in shinshina.

Da duniya ta lafa, mutanenmu suka fara zuwa suna komawa, na ce lokaci ya yi. Na kiwata kaji biyu saboda ƙwai. Lauz ya fi ƙarfina, na sa gyaɗa, na soya ta sama-sama na murje. A nan gidaje ba su da tanda, kowa faranti yake ɗauka zuwa wurin farran, mai gasa gurasar unguwa. Na kai, ya gasa. Na zauna a ƙofarsa na yanka, na sake miƙa masa.

Ya ce, "Ish hada, mene ne wannan, ya hajja? Shabura za ki koya mana? Kakana yana gasa shabura kafin a haifi garinku."

Ashe su ma suna da nasu mai gashi biyu, na tsomawa a shayi. Na ce, "Ya ammi, wannan da ƙwai da sukari, wuta kaɗan yake so. Ka bari tandar ta huce."

"Tandata ta huce saboda ke? Yalla!" Ya tura shi cikin wutar gurasa. Da ya fito, gawayi ya fi shi haske.

Zahra'u ta ɗauki ɗaya ta duba ta ce, "Mabruk, barka, ya Kulu. Aika mata da wannan ta yi kwalli."

Ban sake komawa wurinsa ba. Na sami garwar kananzir, na ƙone ta har warin ya fita, na kwantar da ita a kan duwatsu uku, na shimfiɗa yashi a cikinta, na yi mata murfi. Gawayi a ƙasa, gawayi kaɗan a bisa. Sau nawa na ɓata? Wani ya ƙone ta ƙasa ciki ɗanye, wani ya ɗebi warin kananzir, kajin ma suka ƙi shi. A hankali na gane garwar nan kamar yadda ake gane halin miji. In na sa hannu ciki na yi salati uku ban ji zafi ya kore ni ba, ta yi daidai da gashi na biyu. Ranar da ya fito yadda ya kamata, ruwan zuma, na ƙwanƙwasa a faranti ya ce ƙwas, Zahra'u ta tsoma a shayi ta ci, ta sake miƙa hannu. Zahra'u fa, da ba ta yabon komai! Can ta ce, "Wallahi Nasara ma sun san wani abu."

Gwangwanin farko na ba wani Alhaji Gambo, wanda ya ce shi mutumin Taura ne, ƙauyenmu a kan hanyarsa yake. Ya juya ya fuskanci Harami ya ce, "Ga Ɗakin Allah shaida, Hajiya, hannu da hannu." Bayan kwana uku na bi ta wurin wani mai shayi a bakin kasuwa, sai na ga abin a faranti. Yankan karkace, da gyaɗa. Duk Makka wa ke sa gyaɗa in ba ni ba? Na ce, "Ina ka samu?" Ya ce wani Takaruni, wato mutumin ƙasarmu, ya sayar masa, in ɗanɗana, daga Istambul aka kawo. Na tsaya ina kallon wani ƙaton Bajawe, alhajin ƙasar Jawa, yana tsoma rabon yarinyata a shayi yana lumshe ido. Na juya na koma bukkata.

Shekara ta kewayo kafin in sake haɗa kayan. Wannan karon Allah Ya haɗa ni da Malam Sule, dattijo, ya san Inna, ya san har tsamiyar ƙofar gidanmu. Na cika gwangwani, na kai wurin masu liƙe gwangwanayen Zamzam, aka bi bakinsa da dalma, ko iska ba ta shiga. Zahra'u ta raka ni masaukinsu. Yana zaune cikin maza, sun kai goma, ana ɗaure kaya. Na durƙusa daga gefe na tura gwangwanin.

Ya ce, "Madalla, Hajiya. In Allah Ya kai ni, wa zan danƙa wa?"

Ka ji tambaya mai sauƙi. Sunan yana bakina. Na rantse maka har na ji harafin farko a kan harshena. Sai na ga idon mazan nan, duk mutanen ƙasarmu, wasu sa'o'in babana.

Na ce, "A kai gidan Inna. A ba mutanen gida."

Zahra'u ta zungure ni da gwiwar hannu. "Guli isimha! Faɗi sunan 'yarki mana, ya shekha! Shekara biyu kina ƙona yatsu saboda mutanen gida?"

Na ce, "Ke dai bari."

Malam Sule ya ce, "Babu wani na musamman?"

Na ce, "Duk ɗaya ne, Malam."

Wani tsoho a cikinsu ya gyaɗa kai ya ce, "Kun ga 'yar mutunci. Shekara nawa a ƙasar Larabawa, kunyarta ba ta zube ba." Har na ji sanyi a raina. A hanya Zahra'u ta yi ta zagina da yare biyu. Na ce mata, "Ke haihuwar nan ce, ba ki san gida ba. Inna za ta gane. Uwa ta aiko da abu daga Makka, wa za a ba in ba ɗiyarta ba?"

Na zauna da wannan tunanin shekara huɗu. In ina wanki sai in ga yarinyar tana buɗe gwangwani. In ce Allah Ya sa wani ya gaya mata a tsoma a kunu, kada ta karya haƙori. Har dariya nake yi ni kaɗai.

Sai Tabawa ta zo hajji, ƙawata ta ƙuruciya, gidansu yana jikin namu. Yanzu a mota ake zuwa har bakin teku, wata uku ta iso. Muka rungume juna muka yi kuka. Ban bari ta sha ruwa ba na ce, "Malam Sule ya iso?"

"Ya iso! Kulu, ai kin yi suna. Ranar kamar salla. Inna dai Allah bai nufa ta gani ba, damina biyu da rasuwarta sannan ya zo." Ta dafa ni, na yi salati, ta jira na share ido, ta ci gaba. "Kawunki ya tara mutane, aka kira maƙeri ya buɗe. Da ƙamshin nan ya tashi liman ya ce wannan ba abin ci da haƙori ba ne, abin Makka ne, tabarruki. Aka ba liman, aka kai wa dagaci, kowane gida guda guda. Wasu suka daka suna jiƙa wa yara masu zazzaɓi. Matar Ɗanjuma da haihuwa ta zo mata da gardama, shi aka jiƙa mata, ta sauka lafiya. Ni nawa yana nan a ƙulle cikin adudu har yau."

Na ce, "To. Ita waccan fa?"

"Wa?"

"Yarinyar."

Tabawa ta sauke kofin. "An kira ta daga gidan mijinta. Ai ita ta yi rabon, da hannunta, gida gida."

"Ta ci?"

Ta kama gyara bakin mayafi.

"Tabawa, ta ci?"

"Ko ɓarɓashi. Na ce mata, ke, ɗauki ɗaya mana, hannun uwarki ne. Ta ce, 'Iya Tabawa, sau biyu na tambayi Malam Sule ko ta ambace ni. Ya ce shi ba zai yi ƙarya ba, ya ma tambaya ko akwai na musamman, ta ce duk ɗaya ne.' Ta ce, 'Wanda aka aiko wa shi ke ci.' Da ta gama rabo ta wanke hannunta."

Zahra'u tana bakin danga tana ji. Ta shige ɗakinta ta saki labule.

Na ce, "Ba komai, zan sake yi. Ki tafi da shi, wannan karon in gaya miki wa za ki ba."

Tabawa ta ce, "Kulu, ba ta nan. Mijin fatauci yake yi, bara waccan ya kwashe su suka yi Kurmi. Wasu sun ce Gwanja, wasu sun ce sun wuce. Ba wanda ya san garin." Sannan ta ce, "Gwangwanin dai ta tafi da shi, wanda ba komai ciki. Na gan shi a cikin kayanta."

Ban san me zan yi da wannan maganar ba. Wani lokaci in ce ta ajiye shi ne don ni. Wani lokaci in ce gwangwani ne mai kyau, kowace mace za ta so na zuba gishiri.

Yau shekara uku ke nan. Gwiwoyina sun ƙi, idon hagu ya yi hazo, na daina yi wa kaina ƙaryar komawa. Amma duk shekara in alhazai sun fara sauka sai in kunna garwa. In cika gwangwani, a liƙe da dalma, in bi masaukai ina tambayar mutanen Kurmi. Kowa ya ce, "Hajiya, Kurmi ai ba gari ɗaya ba ne." In alhazai sun watse in sa a buɗe, in raba wa maƙwabta. Farran ɗin nan ma ya aiko a ba shi. Na ba shi.

Nakan tuna Sinyora da Karlo, Karlo ɗinta. Na raina ta a lokacin. Ɗanta kuwa ko a ina yake, bai taɓa tambayar kowa ko uwarsa ta ambace shi ba.

Ga na bana can yana hucewa, ka ji ƙamshin gashi na biyu. Kai ma namiji ne, kuma daga gida kake, da a da ne da na rufe baki da mayafi. An ce mini fataucinka yana kai ka har Kurmi. To, buɗe kunnenka. Sunanta Rakiya. Rakiya. Tana da tabon ƙuna a bayan hannun hagu, garwashi ne ya faɗo mata tana rarrafe, ina tsaye, saboda idon surukata ban ɗauke ta ba sai da Inna ta zo. Yanzu ta haura ashirin da biyar. Ba a ci da haƙori, a tsoma a kunu ko shayi. Kuma a ce mata ba na mutanen gida ba ne, ba na liman ba, nata ne ita kaɗai, uwarta Kulu ta gasa da hannunta, ta kuma faɗi sunanta a gaban mutane.

Na san Kurmi da faɗi, na san ba lalle ba ne. Amma abin ba ya lalacewa, don tafiya aka yi shi. In na liƙe gwangwanin nan na kawo maka masauki, za ka karɓa?